Tibiri Biyu, Kowace da Lambarta: Yadda Masu Haɗa Manhaja Ke Gane Wane Ne Wane

Nijar na da Tibiri biyu da kowa ya sani. Akwai Tibirin Gobir a jihar Maraɗi, cikin gundumar Gidan Rumji, inda fadar Sarkin Gobir take. Akwai kuma Tibirin ƙasar Arewa a jihar Dosso, wadda aka cire daga Dogondutsi a 2011 aka mai da ita gunduma mai zaman kanta, ta tafi da Kore Mairuwa da Dumega da Gesheme, ta bar Matankari da Ɗan Kasari da sauransu a ƙarƙashin Dogondutsi. Kwandastan da ke lodi a tashar Dogondutsi ba ya ruɗewa. In fasinja ya ce Tibiri za shi, daga maganarsa da kayansa da kuɗin motar da ya miƙo an san wadda yake nufi. Kwamfuta ba ta da wannan basira. A wurinta haruffa shida ne aka jera, kuma duk inda ta ga shidan nan abu ɗaya ne.

Matsalar tana kuma zuwa ta ɗaya gefen, wato abu ɗaya da sunaye barkatai. Garin da ke kudu da Matankari ana rubuta shi Dogondoutchi a takardun gwamnati, wani ya raba shi biyu ya rubuta Dogon Doutchi, mai gaggawa ya taƙaita shi Doutchi, Bahaushe kuma ya rubuta Dogondutsi. Mutum ya san gari ɗaya ne. Na'ura kuwa sai ta lissafa huɗu. Ko sunan Arewa kansa, wanda Matankari ta daɗe tana riƙe da sarautarsa, yana da takwara a tsallaken iyaka: ƙaramar hukumar Arewa Dandi a jihar Kebbi, mai hedikwata a Kangiwa. Ƙasashen biyu ma ba su tsira ba, domin ba sau ɗaya ba Turawa ke ɗaukar Nijar a matsayin Najeriya. A tsarin ƙasa da ƙasa kuwa, an ba ɗaya NE, ɗaya NG, a waya ɗaya 227, ɗaya 234. Jihar Dosso ita ce NE-3. A Wikidata, rumbun bayanan da masu rubuta Wikipedia ta Hausa ke jingina da shi, Nijar ce Q1032, Najeriya kuma Q1033, maƙwabta a can ma.

Irin wannan lamba ita ce lambar shaida, wadda masu sana'ar kwamfuta ke kira aidi. Duk wani dandalin aiki tare a intanet, daga WhatsApp zuwa Slack, yana ba kowane mutum da kowane rukuni da kowane saƙo irin wannan lamba, sannan ya ɓoye ta a bayan suna da hoto don kada ta dami jama'a. Tamkar lambar babur ce: a sake masa fenti, a canja kujera, a sayar wa wani, lambar tana nan. Mai hira da abokansa ba ya bukatar ganinta har abada. Amma wanda aka ce ya haɗa manhaja biyu su yi magana da juna, ko ya ƙera bot da zai riƙa tura sanarwa da kansa, aikinsa ba ya farawa sai ya tono ta. Kan haka ne aka samu tarin ƙananan kayan aiki, wasu maɓalli ne guda a ɓoye cikin saiti, wasu shafuka ne na gwaji, waɗanda ba su da wani amfani face nuna lambar da ke bayan suna.

Asibitin Matankari a cikin na'ura

Misali mafi kusa da mutanen Arewa yana fannin lafiya. Nijar na cikin ƙasashe fiye da saba'in da ke tattara bayanan asibitocinsu a manhajar DHIS2. Asalinta Afirka ta Kudu ne, a shekarun 1990 bayan faɗuwar mulkin wariya, da haɗin gwiwar Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway, wadda har yau take jagorantar aikin. Sigar da ake amfani da ita yanzu an fara gwada ta a jihar Kerala ta Indiya a 2006. Abin da majo ya cike a rahoton wata, na zazzaɓin cizon sauro da allurar rigakafi da awon ciki da haihuwa, a nan yake ƙarewa, inda jami'in gunduma a Dogondutsi da na jiha a Dosso da na ma'aikata a Yamai duk za su iya ganinsa.

A cikin DHIS2 kowace cibiyar lafiya tana da lamba mai gurbi 11, gaurayen haruffa da alƙaluma, kuma dole ta fara da harafi. Kamanninta ba shi da daɗin ido. A rumbun gwaji da masu manhajar suka buɗe wa ɗalibai, wanda aka gina da tsarin ƙasar Saliyo, lambar ƙasar ita ce ImspTQPwCqd. Babban harafi da ƙarami ba ɗaya ba ne a ciki, don haka wanda ya kwafe ta da hannu ya mai da ƙaramin p babba ya riga ya ɓata hanya.

A ce wata ƙungiya ta tura matasa ƙauyukan Matankari da wayoyi, suna auna damtsen yara don gano tamowa, suna cike fom a KoboToolbox. An gama, ana son sakamakon ya shiga rumbun ma'aikatar lafiya. Injiniyan da aka ba aikin ba zai ce wa na'ura ta zuba a asibitin Matankari ba, sai ya ba ta lambar asibitin. Yadda yake samo ta kuwa ba wani tsafi ba ne. DHIS2 na da ƙofar baya ta halal da ake kira API, wadda aka tanada don manhaja ta yi wa manhaja tambaya. Bayan ya shiga da izininsa, sai ya ƙara /api/organisationUnits a ƙarshen adireshin, ya ce a tace masa duk sunan da ke ɗauke da kalmar da yake nema, a nuno lamba da suna da kuma salsala. Salsalar nan ita ce gishirin aikin: jerin lambobi ne daga ƙasa zuwa jiha zuwa gunduma har zuwa cibiyar kanta. In ya nemi Tibiri aka jero masa sakamako fiye da ɗaya, salsalar ce za ta nuna wanda ya gangaro daga Dosso da wanda ya gangaro daga Maraɗi. Wanda ya yi gaggawa ya ɗauki na farko a jeri, yana iya kai yaran Gesheme cikin lissafin Gobir, kuma na'ura ba za ta ce uffan ba, tunda lambar da aka ba ta ingantacciya ce.

Wani alfanun tsarin yana fitowa ne ranar da hukuma ta sake shata iyaka, irin abin da ya faru a 2011. Idan aka mai da cibiya daga wata gunduma zuwa wata, ko aka gyara rubutun sunanta, lambarta ba ta motsi. Salsala ce kawai ke canjawa, tarihin alƙalumanta na shekaru kuma ya bi ta sabon gida.

Shi ma fom ɗin KoboToolbox yana da nasa. Duk fom da aka cike aka adana, waya na liƙa masa doguwar lamba mai gurbi 32 da aka raba gida biyar, wadda ake kira UUID. Wayar ce ke ƙirƙiro ta da kanta, ba ta jiran rezo, ba ta tambayar kowa, kuma yawan lambobin da za su iya fitowa ya kai matuƙar da a aikace ba a fargabar wayoyi biyu su fitar da iri ɗaya. A yankin da ma'aikaci kan yini a ƙauye ba sabis, sai ya dawo gari da yamma ya tura, wannan dabara ce ke hana fom ɗaya shiga sau biyu idan layi ya yanke ana tsakar turawa aka sake dannawa. A ƙauyen da za a iya samun Abdu Isa uku da Hadiza Garba huɗu, ita ce kuma ke hana a haɗe mutum biyu a ɗauka kuskure ne.

Daga WhatsApp zuwa Telegram

Dandalin aiki tare na gaskiya a ƙasar Arewa, in za a faɗi tsakani da Allah, WhatsApp ne. Malaman makaranta, ƙungiyoyin manoma, 'yan kasuwa, 'yan asalin gari mazauna Yamai ko Lagos, kowa da rukuninsa. WhatsApp ya ɗauki hanya mafi sauƙi: lambar wayarka ita ce shaidarka, 227 da alƙaluma takwas. Sauƙin nan ne ya sa ya karɓu, kuma shi ne rauninsa. Lambar waya ba mallakar mutum ba ce har abada. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani na iya karɓewa ya sayar wa wani, sabon mai shi kuma ya buɗe WhatsApp ya tsinci kansa cikin rukunin da bai san kowa ba, ana ta tattauna kuɗin adashi. Ɗan kasuwar da ke tsallaka iyaka zuwa Kebbi ko Sakkwato da layi biyu, na Nijar da na Najeriya, mutum biyu ne a idon manhajar. Akwai maɓallin canja lamba a cikin saiti wanda ke kwashe rukunoni da bayanai zuwa sabon layi, sai dai da yawa ba sa tuna shi sai bayan tsohon layin ya tafi.

Telegram, wanda 'yan'uwa biyu Pavel da Nikolai Durov suka fitar a 2013, ya raba abubuwan. Mutum na da lambar waya, yana iya zaɓar laƙabi, amma a ƙarƙashinsu akwai lambar dindindin da ba ta canjawa. Tun da aka buɗe ƙofar ƙera bot a 2015, tambayar farko da kowane sabon shiga ke yi ita ce ina zai samu lambar rukuninsa. Hanya ɗaya ita ce ya tura saƙo ga ɗaya daga cikin ƙananan bot da aka yi don haka, irin userinfobot, ya maido masa da lambarsa. Hanyar da ta fi tsabta ita ce ya saka bot ɗinsa a rukunin, ya rubuta wani abu, sannan ya kira umarnin getUpdates ya karanta amsar. A nan zai ga abin da ke ba sababbi mamaki: lambar mutum lamba ce sak, ta rukuni kuwa tana da alamar ragi a gabanta, ta babban rukuni ko tasha kuma tana farawa da -100.

Akwai tarko a nan. Ƙaramin rukuni in ya rikiɗe ya zama babba, Telegram na ba shi sabuwar lamba. Bot ɗin da ke tura farashin gero da wake kowace ranar kasuwa sai kawai ya yi shiru, mutane su ɗauka mai shi ne ya gaji, alhali yana can yana ƙwanƙwasa tsohon gida.

Ofisoshi da ƙungiyoyi

Matashin Arewa da ya samu aiki da ƙungiyar agaji ko kamfanin waje, Slack ko Microsoft Teams zai tarar. Slack ya fito a 2013, kamfanin Salesforce ya kammala sayensa a 2021. Lambobinsa na da ladabi, domin harafin farko na faɗin abin da suke: U na mutum, C na zauren hira, T na ma'aikatar baki ɗaya. Wanda ke son ta abokin aikinsa sai ya buɗe bayanansa, ya danna ɗigo uku, ya zaɓi kwafe lambar mamba. Mai son ɗaruruwa a lokaci guda kuma akwai umarnin users.list, ko users.lookupByEmail ga wanda adireshin imel kawai yake da shi. A 2017 kamfanin ya sanar da masu ƙera manhaja cewa su daina dogara da laƙabi su koma lamba, saboda ya ba mutane damar sa sunan da suka ga dama, ko da wani na da irinsa. Duk bot ɗin da aka gina bisa suna sai da aka sake masa ginshiƙi.

Teams, wanda ya fito a 2017, ya fi son dogon zance. In aka danna neman mahaɗin zaure, sai ya ba da adireshi mai tsawon layi uku. Mai haƙurin karantawa zai ga abu uku a ciki. Na farko lambar zauren, mai farawa da 19 da ɗigo biyu, tana ƙarewa da kalmar thread da 'yan haruffa. Na biyu lambar tawagar, bayan kalmar groupId. Na uku lambar ma'aikatar, bayan tenantId. Sai dai adireshin intanet ba ya ɗaukar wasu alamomi yadda suke, don haka ɗigo biyun nan sukan fito a matsayin %3a, alamar @ kuma %40. Wanda ya kwafe haka ya liƙa inda ake son lamba tsantsa zai wuni yana zargin rezo. Microsoft na da shafin gwaji mai suna Graph Explorer, inda mutum zai shiga da asusunsa ya nemi jerin tawagoginsa da zaurukansu, a ba shi lambobin a tsabtace.

Discord ya fi yawa a hannun masu wasannin bidiyo da ɗaliban koyon rubuta manhaja, amma lambarsa ta cancanci a tsaya a kanta. Sai an shiga saiti an kunna yanayin masu ƙera manhaja kafin zaɓin kwafe lamba ya bayyana a jikin kowane mutum da saƙo da zaure. Lambar doguwa ce, alƙaluma 17 zuwa 19, kuma ba kara-zube aka jera su ba. Tsari ne da Twitter ya ƙirƙiro a 2010 ya sa masa suna Snowflake, lokacin da saƙonni suka yi yawan da na'ura ɗaya ba za ta iya raba lamba bi da bi ba. Aka ce kowace na'ura ta haɗa tata: ta ɗauki lokaci, ta ƙara lambarta, ta ƙara ƙidayar abin da ta fitar a wannan ƙiftawar. A Discord ana ƙirga lokacin ne daga daƙiƙar farko ta 2015. Ma'ana, ranar haihuwar kowane asusu na kwance a cikin lambarsa. Misalin da kamfanin ya sa a littafin jagorarsa, 175928847299117063, in aka warware shi yana nuna 30 ga Afrilu 2016. Masu kula da zauruka na amfani da wannan wajen kama 'yan damfara: wanda ke iƙirarin shi tsohon hannu ne, lambarsa kuwa ta nuna shekaranjiya aka buɗe asusun, ya tona kansa.

Inda lamba ke lalacewa

Samo lamba rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne kai ta inda za ta ba tare da ta ji rauni ba, kuma babban mai raunata ta shi ne Excel, wanda babu ofishin da ba ya amfani da shi. Excel ba ya riƙe fiye da alƙaluma 15 na lamba. A liƙa masa waccan ta Discord mai 18, sai ya mai da ukun ƙarshe sifili, ya kuma nuna ta a dunƙule da harafin E a tsakiya. Ba ya gargaɗi, kuma in an adana, abin da ya ɓace ya ɓace. Haka yake cinye sifilin farko na lambar wayar Najeriya, 0803 ta koma 803. Maganin bai taka kara ya karya ba: a mai da gurbin ya zama na rubutu kafin a liƙa. Amma jerin sunayen masu cin gajiyar tallafi da yawa sun sha wahala kafin a gane haka.

Manya ma sun taka wannan sawun. Lambobin Twitter sun fi ƙarfin abin da harshen JavaScript ke iya riƙewa daidai, dole kamfanin ya riƙa aiko kowace lamba sau biyu, ɗaya a matsayin lissafi, ɗaya a matsayin rubutu. Telegram kuma ya gargaɗi masu bot a 2021 cewa lambobin mutane za su wuce 2,147,483,647, iyakar abin da tsohon ma'aunin da yawancinsu suka zaɓa ke ɗauka. Wanda bai faɗaɗa rumbunsa ba, sababbin masu rajista sun riƙa faɗuwa a ƙofarsa. Dalilin da ya sa gogaggu ke adana lambar shaida a matsayin rubutu ke nan, tunda ba wanda zai taɓa tara ta ko ya raba ta biyu.

Saura abu ɗaya da ya kamata ko wanda ba injiniya ba ya sani, wato bambancin lambar shaida da mabuɗi. Lambar shaida ba sirri ba ce. Wanda ya san lambarka ta Telegram ko ta Slack bai samu hanyar shiga asusunka ba. Mabuɗi kuwa, wanda masu sana'ar ke kira tokin, shi ne izinin aiki da sunanka. Wanda BotFather, bot ɗin da ke rajistar sababbin bot, ke bayarwa a Telegram yana farawa da lambar bot ɗin, sai ɗigo biyu, sai dogon jerin haruffa. Na bot a Slack yana farawa da xoxb. Ga idon da bai saba ba duk tarkacen haruffa ne, shi ya sa ake samun mai ɗaukar hoton allonsa ya tura rukuni yana neman taimako, mabuɗin na tsaye a tsakiyar hoton. Akwai kuma shafukan da ke tallar za su nemo maka lambar kowa kyauta, da sharaɗin ka liƙa mabuɗinka ko ka shigar da lambobin da aka turo maka ta saƙon waya. Kayan neman lamba na gaskiya ba ya bukatar ka miƙa wa baƙo ko ɗaya daga ciki, tunda dandalin da kansa ya tanadi hanyar. Wanda mabuɗinsa ya riga ya fita, Telegram na da umarnin revoke a wurin BotFather, wanda ke kashe tsohon nan take ya ba da sabo. A Slack ma ana soke shi daga shafin manhajar. A Telegram, lambar bot ɗin da rukunonin da yake ciki duk suna nan yadda suke, sabon mabuɗin kawai za a saka a manhajar a sake kunna ta.